Mene ne "danne matakin waje" a tuƙin babur na daji?

Masu tseren babur a turɓaya, irin 'yan motokuros da mahaya gasar Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, wadda a da take ratsa Agadas da hamadar Tenere, suna yawan cewa a danne matakin waje. Matakin shi ne ƙarfen da ake ɗora ƙafa. Na waje kuwa shi ne wanda ke nesa da cikin kwana: in za ka karya hagu, na dama kenan.

A kan kwalta, mahayi da babur tare suke kwanciya, domin taya na da abin kamawa. A ƙasa mai tsakuwa ko burji, in ka kwanta tare da shi, nauyinka sai ya tura tayar zuwa gefe, ta zame. Shi ya sa ake kwantar da babur shi kaɗai, jiki yana miƙe, mazaunai a gefen kujera na waje, ƙafa ta danne matakin da ƙarfi, gwiwa ta manne da tanki. Nauyin sai ya sauka kai tsaye kan haƙoran gefen taya, su ciji ƙasa.

Na san wannan da jikina. Wata rana da rani, a hanyar kasuwar ƙauyenmu, na shiga kwana ina zaune can baya, na damƙe birkin gaba a tsakiyarta. Kafin in ankara ina ƙasa, gwiwar hannu ta saluɓe, yashi cike da baki. Da na matso gaba kusa da tanki, na gama birki tun kafin kwanar, da tayar gaba ta samu nauyin da take bukata.

Ƙafar ciki fa? Miƙa ta ake yi gaba, wajen tayar gaba, yatsu sama. Jan ta a ƙasa kamar yadda wasu 'yan acaba ke yi na tsorata ni, don dutse ɗaya ya isa ya murɗe gwiwa. Ido kuma ya tsaya inda za ka fita.

Yashi mai zurfi yana da nasa hukunci. A nan baya ake komawa da nauyi, a riƙe totur kada a sake shi kwatsam, in ba haka ba tayar gaba ta nutse, kan babur ya ƙwace daga hannunka.