Tsarin Bankin Duniya na Ba Jama'a Damar Ganin Takardunsa

Tsarin ba jama'a damar ganin takardun Bankin Duniya ƙa'ida ce da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2010. Ita ce ta fayyace takardun da bankin zai fitar da kansa, da waɗanda sai an nema, da waɗanda zai riƙe.

Shekaru da dama bankin yana ɗaukar takardun bashi a matsayin sirri tsakaninsa da gwamnatin da ta ci bashin, alhali talakawa ne ake tasa daga gonakinsu, kuma su ne za su biya. Rikicin madatsar ruwa ta Sardar Sarovar da ke kan kogin Narmada a Indiya ne ya tilasta sauyi. Mutanen da aikin zai raba da muhallinsu sun yi ta zanga-zanga, har bankin ya naɗa kwamitin bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Bradford Morse. Rahoton kwamitin na 1992 ya nuna an saɓa wa ƙa'idojin bankin kan sake tsugunar da jama'a. A 1993 Indiya ta haƙura da ragowar bashin, bankin kuma ya kafa kwamitin sauraren koken waɗanda ayyukansa suka shafa, ya faɗaɗa abin da yake bayyanawa.

Duk da haka, har zuwa 2010 jerin takardun da aka yarda a fitar ake bi. Duk abin da ba ya cikin jerin, a rufe yake. Sabon tsarin ya juya lamarin: kowace takarda a buɗe take sai wadda ta faɗa cikin keɓantattun rukunai guda 10, kamar bayanan sirrin mutum, shawarar lauyoyi, lamuran tsaro, da muhawarar cikin gida kafin yanke hukunci. Wasu daga cikin waɗannan ana sakinsu bayan shekara 5, 10 ko 20. Mai nema yana aika buƙatarsa ta intanet, kuma bankin na ƙoƙarin amsawa cikin ranakun aiki 20. Idan aka hana shi, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti na cikin bankin, a wasu lokutan kuma zuwa kwamitin ƙwararru 3 daga waje.

Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da irin wannan tsari a 2012.

Inda tsarin Bankin Duniya ya fi rauni shi ne rukunin bayanan da wata ƙasa ta miƙa wa bankin bisa amana, domin ba a sakinsu sai da izininta. Ke nan gwamnatin da ba ta son a ga abin da ta faɗa tana da hanyar toshewa. Ga kuma matsalar harshe: yawancin takardun da Turanci suke, wasu da Faransanci. Manomin da aikin madatsar Kandadji a Nijar zai tasa daga gonarsa yana buƙatar wanda zai sauko da tsarin biyan diyya daga intanet, ya karanta masa, ya kuma fassara masa.