Sola ta roba da yadda aka ƙara mata ƙarfi

Sola ta roba ita ce wadda ake haɗawa da sinadaran kabon maimakon silikon. Ba ta da nauyi, tana lanƙwasuwa kamar leda, kuma ana iya buga ta da inji. Matsalarta tun asali dai wutar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba.

Tarihi

Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 ake ta gwaji ba a samu abin kirki ba, sai a 1986 da Ching Tang na kamfanin Kodak a Amurka ya ɗora sinadarai biyu, ɗaya mai bayar da elektron ɗaya mai karɓa, ya samu kusan kashi 1 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka ya zama wuta. Abin da ke faruwa shi ne in haske ya sauka, elektron ba ya kuɓuta nan take, manne yake da gurbin da ya bari, kuma tafiyarsu ba ta wuce nanomita 10 zuwa 20 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) ƙarfin ya salwanta, sai in sun iso mahaɗar sinadaran nan biyu ne suke rabuwa wuta ta gudana. To a 1995 sai ɗaliban Alan Heeger a Santa Barbara da na Richard Friend a Kambirij suka cakuɗa sinadaran wuri ɗaya, mahaɗa ta zama ko'ina, kuma gaskiya wannan dabarar ita ce ginshiƙin komai har yau. Wajen 2005, da aka iya ɗan gasa cakuɗin, an kusa kashi 5.

An daɗe ana dogaro da fularin, wani nau'in kabon mai siffar ƙwallo, a matsayin mai karɓa, alhali ba ya shan haske sosai. Masanan Sin ne suka kawar da shi, da sababbin sinadarai masu karɓa, ITIC a 2015, sai Y6 na Zou Yingping a 2019 da ya kai kashi 15.7. Yanzu ana maganar kusan 20, amma fa a ƙananan samfura na ɗakin gwaji.

A nan Saudiyya

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Thuwal, arewa da Jidda, ta kai kashi 18 wajen 2020. Amma tashar sola ta garin Sakaka mai megawat 300 silikon ce.

Ƙarko

Zafi, laima da iskar oksijin suna lalata ta, ga kuma zafinmu na bazara ba wasa ba. Shekara nawa za ta yi a kan rufi, masana ba su daidaita ba.