Bilyardo

Bilyardo wasa ne da ake yi a kan tebur mai shimfiɗar ƙyalle wanda aka kewaye da gefen roba, inda ɗan wasa ke zungurar farar ƙwallo da doguwar sanda don ta bugi sauran ƙwallaye. Haka Larabawa ke kiransa, kuma sunan da ya zauna a bakin Hausawan Makka, Madina da Jidda ke nan. Baƙon da ya iso daga Kano ko Kaduna kuwa sinuka zai ce, ko da teburin da ke gabansa ba na sinuka ba ne. A gaskiya dangin wasanni ne guda, kowanne da teburinsa, ƙwallayensa da irin sandar da ta dace da shi.

Ire-irensa

Wanda aka fi samu a zaurukan wasa na Saudiyya shi ne pul, salon Amurka. Teburinsa na da ramuka 6, tsawonsa ƙafa 7, 8 ko 9, kuma na ƙafa 9 ake yin manyan gasa a kai. Faɗin ƙwallonsa milimita 57 ne da ɗan ɗori. A wasan ƙwallo 8 ana jera ƙwallaye 15 cikin alwatika. Daga 1 zuwa 7 masu launi ɗaya ne, daga 9 zuwa 15 masu ɗamara. Kowa ya gama jefa nasa a rami, sannan ya nemi baƙar, wato mai lamba 8. Wanda ya jefa ta kafin lokaci ya faɗi. A wasan ƙwallo 9 dole farar ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba da ta rage a tebur, kuma duk wanda ya jefa lamba 9 bisa ƙa'ida shi ya ci.

Sinuka ta fi girma, ta kuma fi neman haƙuri. Teburinta ƙafa 12 ne a tsaye, 6 a kwance, ramukanta matsattsu, ƙwallayenta ƙanana, milimita 52.5. Akwai jajaye 15 masu maki ɗai-ɗai, sai masu launi 6: rawaya maki 2, kore 3, ruwan ƙasa 4, shuɗi 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ana jefa ja, a bi ta da mai launi, a sake komawa ja. Wanda ya bi kowace ja da baƙa har ya share tebur ba tare da kuskure ba ya tara 147.

Na uku shi ne karom, wanda teburinsa ba shi da rami ko ɗaya, ƙwallaye 3 kacal, ana samun maki idan ƙwallon ɗan wasa ya taɓa sauran biyun. Kada a haɗa shi da kairam ɗin da mutanen Hijaz, wato yammacin Saudiyya, ke bugawa da yatsa a kan allon katako, wannan wasa ne dabam.

Asali

Wasan ya samo tushe a Turai cikin ƙarni na 15, daga wani wasan ƙwallo da ake yi a filin ciyawa, aka ɗauke shi aka kai cikin ɗaki. Shi ya sa ake danganta koren ƙyallen da launin ciyawa. Da farko da wata sanda mai faffaɗan kai ake tura ƙwallo. Idan ƙwallon ya manne da gefe sai a juya sandar a yi amfani da siririn ƙarshenta, wanda Faransawa ke kira wutsiya. Daga wannan kalmar sunan sandar ya fito a Turanci.

Ƙarni na 19 ne ya ba wasan kamanninsa na yau. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake dangantawa da manna fata a bakin sanda a farkon ƙarnin. A Ingila John Thurston ya maye gurbin katakon ƙasan tebur da allon dutse, wanda ba ya lanƙwasa, sannan robar da Charles Goodyear ya gano yadda ake sarrafa ta don ta jure zafi da sanyi ta zama abin yin gefe. Ƙwallaye a lokacin da hauren giwa ake sassaƙa su. Tsadar haure ce ta sa aka shiga neman madadi, har John Wesley Hyatt na Amurka ya fito da wani nau'in roba mai tauri a ƙarshen shekarun 1860. Yau mafi yawan ƙwallayen gasa daga Beljiyam suke zuwa, ƙirar Aramith. Ita kuwa sinuka sojojin Birtaniya ne suka ƙirƙire ta a Jabalpur ta Indiya a 1875, kuma Joe Davis ne ya fara cin kambunta na duniya a 1927.

Farar ƙwallo

Sabon shiga idonsa na kan rami. Gwani tunaninsa na kan inda farar za ta tsaya bayan bugu, domin daga nan zai yi bugu na gaba. Mutum na iya iya jefa ƙwallo mai wuya daga nesa, ’yan kallo su tafa masa, amma idan ya bar farar a bayan ƙwallon abokin wasa, aikin banza ya yi. Wanda ake tsoro a tebur shi ne wanda duk bugunsa ke zama kamar mai sauƙi.

Sirrin yana wurin da bakin sanda ya taɓa. Idan aka bugi farar ta isa ga wadda aka nufa tana zamewa ba ta juyawa, kuma ta same ta gaba da gaba, sai ta tsaya cak. Idan a karkace ta same ta, sai ta kauce ta bi layin da ya yi kusurwar digiri 90 da hanyar wadda aka buga. Wannan ita ce ƙa'idar farko da ya kamata mai koyo ya riƙe, don da ita zai san ko farar za ta faɗa rami. A bugi sama da tsakiya, za ta bi bayan wadda ta buga. A bugi ƙasa, za ta ja da baya kamar an ɗaura mata zare. A bugi dama ko hagu, za ta ɗauki juyi na gefe wanda ke sauya kusurwar da take dawowa idan ta bugi roba. Masanin lissafi na Faransa Gaspard-Gustave Coriolis ya rubuta littafi sukutum a kan lissafin waɗannan motsi a 1835.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da alli. Fata da ƙwallo dukansu masu santsi ne, allin ne ke sa su kama juna na ɗan ƙiftawar ido. Sunansa alli, amma ba irin na allon makaranta ba ne, garin ma'adanai ne masu kaushi da aka dunƙule. Ana shafa shi a hankali, ana juya sandar, kamar mai sa kwalli. Masu cusa bakin sanda cikin ramin alli suna murzawa da ƙarfi tsakiya kawai suke shafawa, gefen fatar da ake buƙata ya tashi a bushe. Sai ka ji ƙwas, sandar ta zame, farar ta yi tafiyarta inda ba a aike ta ba. Ko da alli ma akwai iyaka: nisan da bakin sanda zai yi daga tsakiyar ƙwallo bai kamata ya wuce rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe ba.

Zaɓen sanda

Sandar pul tsawonta kusan santimita 147 ne, nauyinta daga oza 18 zuwa 21, wato tsakanin giram 510 da 595. Mafi yawan ’yan wasa a oza 19 suke tsayawa. Faɗin fatar bakinta milimita 12 zuwa 13. Da katakon maful, wani farin itace mai tauri na Arewacin Amurka, ake yin rabinta na gaba, kuma tana rabuwa biyu a tsakiya. Ta sinuka ta fi siriri, bakinta milimita 9.5 zuwa 10, yawanci da itacen ash mai zane-zane a jiki, da zoben tagulla a ƙarƙashin fatar. Kowacce an yi ta ne daidai da girman ƙwallonta. Wanda ya ɗauki siririyar sandar sinuka ya je yana fasa jerin ƙwallayen pul da ita, fatar da zoben yake kashewa.

Mai ɗaukar sandar zaure, wadda kowa ke amfani da ita, abu uku zai duba. Ya kwantar da ita a kan tebur ya mirgina ta da tafin hannu yana kallon baki: idan bakin na tashi yana sauka, ta lanƙwashe. Ya duba fatar: ta kasance da ɗan tudu, ba shafaffiya ba, ba kuma wadda ta baje ta zarce zobe kamar hular da ta fi kai ba. Sannan ya shafa gaban sandar ya ji ko da kaushi ko danƙo da zai riƙe masa yatsu. A cikin ukun fatar ce gaba. Sanda mai ɗan lanƙwasa da fata mai kyau ta fi miƙaƙƙiya mai mataccen baki nesa ba kusa ba.

Fata iri-iri ce. Mai laushi tana riƙe alli da kyau amma tana saurin bajewa, tana son gyara a kai a kai. Mai tauri ta fi daɗewa da siffarta, ita ake sa wa sandar fasawa. Matsakaiciya ita ta fi dacewa da mai koyo. Akwai ta falle ɗaya, akwai wadda aka manna falle-falle, kuma canza ta aiki ne mai araha, ba ya buƙatar sabuwar sanda.

Wani abu da masu sayarwa ke yawan ambata shi ne kaucewa. Idan aka bugi farar a dama, takan ɗan kauce hagu daga layin da aka nufa, haka ma akasin haka. Nauyin ƙarshen sandar ne ke jawo wannan, shi ya sa kamfanoni ke rage nauyin ’yan santimitocin ƙarshe. Daga 2016, lokacin da kamfanin Predator ya fito da gaban sanda na zaren kabon, baƙaƙen sanduna sun cika teburan gasa. Suna da kyau, ba musu. Amma wanda hannunsa bai riga ya saba tafiya a miƙe ba, sanda mai tsada ba za ta miƙe masa shi ba. Ya fi masa ya sayi matsakaiciya ta maful, ba mai ado da yawa ba, ya riƙe ta ita kaɗai har hannunsa ya san nauyinta. Adon gindin sanda, wanda ke cin kaso mai yawa na farashi, ba ya jefa ƙwallo ko ɗaya.

Sanda da yanayin Saudiyya

Katako yana shan danshi yana kuma fitar da shi. A Jidda iskar teku ce, ga zafi ga laima, sanda kan yi danƙo a tsakanin yatsu, shi ya sa safar hannu mai yatsu uku ke da amfani a can. A Riyad bushewa ce matsalar. Babban abin da ke kashe sanda a ko'ina a ƙasar shi ne a bar ta a cikin mota da rana, sannan a shiga da ita zaure mai sanyin na'ura. Katako ya karkace, gam ɗin da ke riƙe fata ya saki. A nan ne zaren kabon ya cancanci kuɗinsa, don zafi da danshi ba sa lanƙwasa shi. Mai ta katako ya sa ta cikin kube mai tauri, ya ajiye ta a ɗaki, kada ya jingina ta a bango a karkace na tsawon kwanaki, kuma ya goge ta da busasshen ƙyalle bayan wasa, ba da ruwa ba.

Wasan a Saudiyya

Dare ne lokacinsa. Zauruka sun fi cika bayan sallar isha, a watan azumi kuma bayan tarawihi. Wasu abokai kan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mai tebur a ciki. Samarin Hausawa da aka haifa a ƙasar, a unguwanni irin su Misfala da Sharar Mansur a Makka, da Hausa gauraye da Larabcin Hijaz suke wasan: wani ya ce “Yaya, miƙo min allin nan”, a ƙirga maki da Larabci.

A ’yan shekarun nan ƙasar ta jawo manyan gasa. A Maris 2024 aka yi gasar sinuka ta gayyata a Riyad, aka ƙara ƙwallon zinare mai maki 20 wanda ba a taɓa shi sai bayan 147, don a kai 167. Ronnie O'Sullivan ne ya ci, ya doke Luca Brecel. A Yunin shekarar Jidda ta karɓi gasar ƙwallo 9 ta duniya, da kyaututtukan da jimillarsu ta kai dala miliyan 1, inda Fedor Gorst ya doke Eklent Kaçi na Albaniya da 15 da 14. A Satumba Judd Trump ya doke Mark Williams da 10 da 9 a wasan ƙarshe na wata gasar sinuka a Riyad. A 2025 Carlo Biado na Filifin ya karɓe kambun ƙwallo 9 daga hannun Gorst a Jidda, kuma a garin ne, a gasar sinuka, O'Sullivan ya yi 147 har sau biyu a wasa ɗaya na kusa da ƙarshe, kafin Neil Robertson ya doke shi a wasan ƙarshe da 10 da 9.

Kuɗin tebur

Caca haramun ce a addini, kuma doka ta hana ta a Saudiyya. Inda ake zamewa ba a sani ba shi ne al'adar nan ta cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur. Malamai da dama sun sa wannan cikin caca, domin kowanne cikin biyun ya shiga ne tsakanin ya yi wasa kyauta ko ya biya na mutum biyu. Mafita mai sauƙi ce, kuma masu kiyayewa ita suke bi: a raba kuɗin awa daidai, ko ɗaya ya ɗauki nauyi don kansa tun kafin a jera ƙwallaye. Idan an kira salla a kwantar da sanduna a kan tebur, a bar ƙwallaye yadda suke, a ci gaba bayan an idar.