Dokar rumbun ma'adinai ta Amurka: me ta ce, kuma ina ta shafi Jos?

Tama kaɗai ba ta yin ƙarfen da ake ƙera jirgin ruwa ko tankar yaƙi da shi. Sai an zuba mata manganis, wanda ke kame farar wutar da ke sa ƙarfe tsagewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, sai kiromiyum ya haura kashi 10 cikin 100 na jikinsa. Amurka ba ta da wadatar waɗannan a ƙasarta. Manganis mai kyau ma rabonta da haƙo shi tun 1970, daga Gabon da Afirka ta Kudu take sayen mafi yawansa.

Wannan ne ya sa a watan Yunin 1939, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar tara muhimman kayan masarufi na tsaro, aka amince a kashe dala miliyan 100. Rumbu ne irin na manomi, sai dai ma'adinai ake zubawa maimakon hatsi. An yi wa dokar gyara a 1946 da 1979, kuma tun 1988 Ma'aikatar Tsaro ke kula da rumbun.

Gyaran 1979 ne ya fi muhimmanci a ganina. Ya ce rumbun na tsaron ƙasa ne kawai, ba a taɓa shi don cike giɓin kasafin kuɗi ko karya farashi a kasuwa. Shugaban ƙasa ne ke da ikon ba da umarnin buɗe shi idan tsaro ya buƙata. In kaya ya yi rara, ba a sayarwa sai da izinin Majalisa, kuma a sayar ta yadda ba za a rikita kasuwar masu haƙowa ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya taɓa zuciyata, domin mutanen Filato sun ɗanɗana abin da babban mai saye ke iya yi wa kasuwa. Lokacin yaƙin Koriya, a farkon shekarun 1950, Amurka ta riƙa biyan ninkin farashi kan kolombait, ma'adinin da ake samu a haɗe da kuza, wanda ake ciro niyobiyum daga cikinsa don ƙarfen da ke jure zafi. Najeriya ce ke samar da mafi yawansa a duniya a lokacin. Tsibin ƙasar da a da aka watsar a Jos da Bukuru, aka koma ana sake wankewa. Da rumbun ya cika Amurka ta daina saye, farashi ya faɗi, ma'aikatan haƙa suka ji a jikinsu.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, Majalisa ta ba da izini aka sayar da mafi yawan kayan rumbun. Yau ga shi ana neman kuɗin sake cika shi, saboda Sin ce ke tace kaso mai yawa na waɗannan ma'adinai.