Tiyatar fatar ƙasan ido: wuri ɗan ƙarami amma duk fuska yake taɓawa

Salam 'yan uwa. Tambayar nan ta yawaita yanzu, yawanci daga mata da suka haura 40 amma har maza ma, wai "Sista wannan kumburin na ƙasan idona ance ana cirewa, da gaske ne?" Eh ana cirewa, sai dai dan Allah kafin mutum ya kai idonsa a sa wuƙa ya tsaya ya ji yadda abin yake.

Ƙwayar ido a cikin kitse take zaune, shi ne ke kare ta. A ƙasan ido kitsen nan kashi 3 ne, ɗaya ta wajen hanci, ɗaya a tsakiya, ɗaya ta gefen kunne, kuma akwai wani siririn tantani da ya tare su. In shekaru suka ja sai tantanin ya saki kitsen ya turo gaba, a lokaci guda kuma kumatu suna sauka ƙasa, sai a samu tudu a sama rami a ƙasa, ramin nan da ke farawa daga gefen hanci ya gangara. Inuwar da tudun ke yi a cikin ramin ita ce ke sa kowa ya riƙa tambayarki ko ba ki da lafiya alhali ke garau kike. Wasu kuma gado ne, tun suna 'yan 20 da wani abu suke da shi.

Hanya 2 ake bi. Ko a shiga ta cikin fatar idon, ba tabo a waje, wannan ta fi dacewa da mai kitse kawai wanda fatarsa ba ta saki ba. Ko kuma a yanka daf da ƙasan gashin ido in akwai fatar da za a rage. In aikin ya yi kyau inuwar ce ke tafiya, ƙasan ido da kumatu su haɗe sumul, mutane su ga kin yi fes amma su kasa gane me ya canza.

Toh in bai yi kyau ba fa? Nan ne nake so mu daɗe. In aka kwashe kitsen da yawa ido zurmawa yake, fuska ta koma kamar ta wanda ya tashi daga doguwar jinya, kin je neman ƙuruciya kin dawo da ƙarin shekaru, shi ya sa likitoci da yawa yanzu ba sa zubar da kitsen duka, gangaro da shi suke su cike ramin. In kuma fata aka rage fiye da kima, ko tabon ciki ya ja, fatar idon sai ta sauka. Ki duba madubi yanzu, za ki ga gefen fatar ƙasa yana taɓa baƙin idonki ko ya kusa. Milimita 1 ko 2 kawai in ta sauka sai fari ya fito a ƙarƙashin baƙin, idon da yake da ɗan tsawo ya koma zagayayye, kallon mutum ya canza, wani ya zama kamar mai baƙin ciki kullum wani kamar a firgice, in ya yi murmushi baki na dariya ido ba ya yi. Wani sa'in ma gefe ɗaya ne ya sauka ɗayan bai sauka ba. In abin ya yi tsanani fatar juyowa take waje, jan ciki ya bayyana, hawaye na zuba, ido na bushewa, ga mu da hunturu da ƙura wlh wahala ce ba ƙarama ba, kuma gyaran ya fi aikin farko wuya.

Masu manyan idanu da suka ɗan fito, da waɗanda ƙashin kumatunsu bai taso ba, da dattawan da fatar idonsu ta yi laushi, sun fi shiga wannan haɗarin. Likitan da ya san aikinsa zai ja fatar ƙasan da yatsa ya saki ya ga ko za ta koma nan take, in ta yi jinkiri sai an haɗa da ɗaure gefen idon. Wanda bai ko taɓa idonki ba ya yanka miki farashi ta WhatsApp, Hajiya ki riƙe kuɗinki.

Sannan baƙin ƙasan ido iri-iri ne. In launin fatar ne da kansa ya yi duhu, wanda mu baƙaƙen fata muke yawan samu, tiyata ba ta goge shi, wani lokacin ma wurin ƙara duhu yake bayan rauni. Masu shafa man bilicin ku ji, mayukan nan suna sirantar da fata su hana ciwo warkewa da wuri, ku faɗa wa likita gaskiya kar ku ɓoye.

Kuma ba kowane kumburi ba ne kitse. Na kitse yana nan safe da yamma, in kin ɗaga ido sama ma ƙara fitowa yake. Wanda kike tashi da shi da safe zuwa azahar ya sace ruwa ne, yana iya zama yawan gishiri da dunƙule ko rashin barci ko kaikayin ido, amma yana iya zama ƙoda ko matsalar maƙoƙo. In har da kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa, gwajin fitsari da awon jini kike buƙata ba tiyata ba.

Babban abin tsoro, duk da ba kasafai yake faruwa ba, shi ne jini ya taru a bayan ƙwayar ido bayan aiki. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ido ya turo ya yi tauri, gani ya fara dushewa, wannan ba a jiran gari ya waye domin yana makantarwa cikin ɗan lokaci. Masu hawan jini da masu shan asfirin ko maganin tsinka jini dole likita ya sani tun farko, kuma kar wanda ya daina maganinsa da kansa.

Masu zuwa Turkiyya ko Masar ko Indiya a yi musu su dawo cikin 'yan kwanaki, ku tambayi kanku wa zai duba ku in fatar ta fara ja bayan sati 3. A gida ma a tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN kuma aikin fatar ido fanninsa ne, manyan asibitocin ido irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna za su iya duba lafiyar idon tukuna. Maganar halacci kuwa a kai wa malamai.

Mai shirin biki kuma ta lissafa da kyau. Zare ana cire shi cikin kusan sati 1, tarin jini da kumburi su ɗauki sati 2 ko fiye, ba kwalli ba hoda a wurin sai likita ya ba da izini, ainihin yadda fuskar za ta zauna kuwa sai bayan watanni ake gani.