Kwamitin Tantance Haɗarin Ƙwayoyin Cuta a Jami'a

Kwamitin tantance haɗarin ƙwayoyin cuta, wanda a Amurka ake taƙaita sunansa da IBC, shi ne ke ba mai bincike izini kafin ya fara aiki da abin da zai iya cutar da mutum, dabba ko shuka. Wannan ya haɗa da ƙwayoyin cuta masu yaɗuwa, jinin ɗan Adam, guba, da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado.

Tsarin ya samo asali ne daga taron da masana kimiyya suka yi a Asilomar, jihar Kalifoniya, a watan Fabrairun 1975, kan haɗarin haɗa ƙwayoyin gadon halittu daban-daban. A 1976 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fitar da ƙa'idoji, kuma duk jami'ar da ke karɓar kuɗinta don irin wannan aiki dole ta kafa kwamiti. Mambobinsa ba sa gaza biyar, aƙalla biyu daga cikinsu ba ma'aikatan jami'ar ba ne. Wannan sharaɗi ya dace matuƙa, domin idan cuta ta ɓulle daga ɗakin gwaji, mutanen gari ma tana iya kama su. Jami'o'i da yawa sun faɗaɗa aikin kwamitin ya shafi duk wani abu mai haɗari.

Mai bincike yakan rubuta takarda ya bayyana ƙwayar da zai yi aiki da ita, yawanta, abin da zai yi mata, ɗakin da za a yi aikin, horon da ɗalibansa suka samu, yadda za a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin shara da tururi mai zafi, da matakin da za a ɗauka idan kwalba ta fashe ko allura ta soki wani. Daga nan kwamitin ya tsayar da matakin tsaro, daga 1 zuwa 4, inda 4 ya fi tsanani. Ƙwayar tarin fuka tana mataki na 3. Ebola, Marburg da Lassa suna na 4. Idan aikin ya shafi dabbobi ko mutane, akwai wasu kwamitoci daban da sai sun amince.

Labarin zazzaɓin Lassa ya nuna dalilin wannan tsanani. A 1969 aka kai jinin ma'aikatan jinya da suka kamu da cutar a Najeriya zuwa Jami'ar Yale da ke Amurka. Dokta Jordi Casals, mai bincike a can, ya kamu ya warke, wani ma'aikacin ɗakin gwajin kuwa ya rasu. Yale ta dakatar da aikin, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ke Atlanta.

A Najeriya, wata doka ta 2015 ta kafa hukumar NBMA, wadda ke ba da izinin aiki da halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado, aka kuma yi wa dokar gyara a 2019.