Waiwaye: kofunan yara biyar, da abin da gasar ba ta iya yi wa ɗan ƙwallo

A 1977 hukumar FIFA ta fara gasar matasa ta duniya a Tunisiya, wadda yanzu ake kira ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ta yara ta biyo baya a 1985 a ƙasar Sin, a matsayin ta 'yan ƙasa da 16, kuma Najeriya ce ta ɗauki kofin farko bayan ta ci Jamus ta Yamma 2-0. A 1991 aka ɗaga shekarun zuwa 17. Daga nan Golden Eaglets, wato ƙungiyar yaran Najeriya, suka sake ɗauka a 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Chile. Babu ƙasar da ta kai mu yawan wannan kofi.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Celestine Babayaro, haifaffen garin nan, yana cikin yaran 1993 tare da Nwankwo Kanu. Daga nan ya wuce Anderlecht ta Beljiyam, ya ci zinare a Olamfik na 1996, ya koma Chelsea a 1997. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi baƙuncin wasanni sau biyu: a gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1999, da ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009.

Waɗannan gasanni biyu na gida sun isa a yi nazari a kansu. Sifaniya ce ta ci ta 1999, kuma a cikin yaranta akwai Xavi da Iker Casillas, waɗanda suka ɗauki babban kofin duniya a 2010. A 2009 Suwizalan ta ci Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja. Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic na cikin waɗannan yara, sun kuma yi shekaru suna buga wa babbar ƙungiyar ƙasarsu. A ɓangarenmu, Sani Emmanuel ne aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya, amma bai samu kulob ɗin da ya zauna ya yi suna ba. Neymar ma ya zo gasar, aka fitar da Burazil tun zagayen rukuni, hakan bai hana shi komai ba.

Me ke kawo wannan bambanci? Abu na farko shekaru ne, kuma ba mu da mafita sai mu faɗa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar 'yan wasa uku, aka kuma ƙwace mana baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991. Ɗan shekara 21 da aka sa cikin 'yan 16 zai ture kowa, ya fi kowa gudu, ya ci ƙwallaye. Sai dai ya riga ya kai ƙarshen girmansa. Shekara uku gaba, yaran da ya ture sun cika ƙirji sun kamo shi, su kuwa sun koyi dabara domin ƙarfi bai taɓa yi musu aiki ba. Wanda aka fi cuta shi ne yaron gaskiya na Rigasa ko Tudun Wada da aka sallama daga sansani wai ya cika ƙanƙanta.

Daga 2009 FIFA ta fara amfani da na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu, a duba inda ƙashin damtse na ƙasa yake girma, a ba shi mataki daga 1 zuwa 6. Mataki na 6 na nufin ƙashin ya haɗe gaba ɗaya, an cire yaro ke nan. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da mu, masu riƙe da kofi ba su je gasar 2017 ba. Gwajin yana da nasa rauni: ba ya faɗin shekaru, haɗewar ƙashi kawai yake nunawa. Akwai mai shekara 16 na gaskiya da ƙashinsa ke haɗewa da wuri, akwai mai 18 da zai tsallake. Shi ya sa takardar haihuwa da aka yanka tun yaro na jariri ta fi wadda aka nemo a kotu ana gobe tantancewa daraja nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne abin da ke faruwa bayan an sauka daga jirgi. A tsarin da aka daɗe ana bi, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe wasa bakwai take bugawa cikin kusan mako uku. Wasa bakwai baje koli ne, dillalai su gani su taya. Ginin ɗan wasa yana tsakanin shekara 17 da 21, a wasan mako-mako. Dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, don haka wanda ya haskaka yana 16 zai iya yin shekara biyu yana jira. Idan ba ya buga gasa a gida a wannan tsakani, ƙafa ta yi sanyi. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a 2015, ya tafi Wolfsburg a 2017, bai ci ko ɗaya ba a can. Aron da aka ba da shi ga Charleroi ta Beljiyam, inda yake bugawa kowane mako, shi ya farfaɗo da shi har ya zama gwarzon Afirka a 2023. Da yawa ba su samu irin wannan dama ta biyu ba.

Akwai kuma kuɗin da kociyoyin unguwa ke asara ba su sani ba. Idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na kulob-kulob ɗin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai wanda sunansa ke cikin rajista. Kocin da ya yi shekara biyar yana saye wa yaro takalmi da ruwan leda a filin Murtala, bai yi wa ƙungiyarsa rajista da hukumar ƙwallon jiha ba, bai shigar da sunan yaron ba, ko sisi ba zai gani ba.

Yanzu kuma tsari ya sauya. Daga 2025 gasar 'yan ƙasa da 17 ta koma duk shekara, ƙasashe 48, a Katar har zuwa 2029, Afirka na da gurbi 10. Duk da haka Najeriya ba ta samu zuwa ta 2025 ba, kamar yadda ta rasa ta 2023. Gasar shekara-shekara na buƙatar sabon zubin yara duk shekara, kuma ba za a same su ta hanyar tara ɗaruruwa a Abuja a tantance cikin mako biyu ba. Dole jihohi irin Kaduna su riƙa gudanar da gasar 'yan ƙasa da 13 da 15 mai tsawon watanni, kowane yaro da katinsa da lambarsa ta NIN tun ranar da ya fara bugawa.